Makamantan Abba a Kan Ƙanƙara

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda muka bar Mubi ba. Duk wanda ya zauna a garin shekarar da aka watse ya san yadda ake barin gida, ni kuma ba na son tunawa. Abin da zan ce kawai, bayan mun komo unguwarmu Sabon Layi mun tarar da abin da muka tarar, sai Allah ya kawo mini gurbin ƙaro karatun ƙididdiga a Kanada. Da ma lissafi nake koyarwa a sakandare. Na ɗauki matata Dija da ɗanmu guda ɗaya tal, Abba, lokacin yana ɗan shekara bakwai, muka kama hanya. Labarin nan ma na Abba ne, da wani wasa da ban taɓa jin sunansa ba a gida, da yadda aka ba ni ma'auni a hannu na auna ɗana na cikina, na ga inda zai tsaya, na kuma kasa yin komai.

Zangonmu na farko Toronto. Akwai wani mutum da aka haɗa ni da shi ta waya tun muna gida, ya ce shi ɗan Adamawa ne, har yana jefa mini Fulatanci a gaisuwa don in sake da shi. Ya ce ya kama mana ɗaki, in turo abin kamawa kawai. Na tura. Da muka sauka na yi ta kiran lambarsa har wayata ta yi zafi, shiru. Muka hau tasi zuwa adireshin da ya ba ni, sai ga mu a gaban wurin wankin mota. Na shiga na fita, na sake shiga, kamar ɗakin zai fito in na naci. Dija tana zaune a kan akwati da goyon jaka a baya, ta dube ni ta ce, "Malam, ɗan Adamawan naka a cikin bokiti yake kwana?" Wallahi ko dariya ban iya yi ba.

Direban tasin ɗan Somaliya ne. Ya ga halin da muke ciki, bai tambaye ni komai ba, ya mayar da kayanmu bayan mota ya kai mu wani masallaci da ke da ɗaki a ƙasa. Can muka zauna har makaranta ta buɗe. Ban san sunansa ba har yau, amma ba na rasa sa shi a addu'a.

Daga nan sai Winnipeg, inda makarantar take. Kai jama'a! Mu da muke kurin cewa ana sanyi a duwatsun Michika. A Winnipeg in ka fita gashin hancinka daskarewa yake yi, haƙoranka su riƙa zogi kamar an buge ka. Da safe ina aji, da yamma ina ɗaukar kwalaye a wani sito, mutum ya koyar da yara lissafi shekara da shekaru ga shi wani yaro sa'an ƙaninsa yana nuna masa yadda ake jera kwali. Dija kuwa kullum tana bakin taga. Ta nemi ganyen miyar tasba ta rasa, ta nemi yakuwa ta rasa, ta dama kunun gyaɗa da man gyaɗarsu na kwalba, ta kurɓa, ta ajiye kofin ta fashe da kuka. Ni ma na sha, na ce ya yi daɗi. Ƙarya nake yi, ta kuma sani.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro Abba ne. Yaron da a Sabon Layi sai an ja kunnensa yake shigowa gida, ya koma bebe. Ba ya magana a makaranta, ba ya magana a gida. Malamarsa ta kira ni ta ce ba ya kallon idonta in tana yi masa magana, ko akwai abin da ke damunsa? Na ce mata wannan ladabi ne a wurinmu. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Yaron dai yana ta ramewa a gabanmu, mu kuma ba mu da abin ba shi sai haƙuri.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce, Dorin, mijinta ya rasu, ɗanta ya yi nisa. Ran nan ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗauke da tsofaffin takalman ɗanta, kowanne da ƙarfe mai kaifi a tafinsa, da wata sanda mai lanƙwasa. Dija ta juya takalmin ta ga ƙarfen, ta ja da baya.

"Malam, takalmi da wuƙa a ƙasa? Yanka mini yaro za a yi?"

Dorin ba ta ji Hausa ba amma ta ji sautin. Ta yi dariya ta kama hannun Abba, ta kai shi wani fili a bayan unguwa da ake malala wa ruwa ya daskare. Ina tsaye a gefe ina karkarwa. Ya faɗi, ya tashi, ya faɗi, ya tashi, har na ce a bar shi haka nan. Can sai ya sulale ya yi nisa bai faɗi ba, ya juyo yana ƙyalƙyala dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun muna gida. Na juya baya na yi kamar sanyi ne ya sa idona ruwa.

Wasan sunansa hoki. Ana yin sa a kan ƙanƙara, kowa da sandarsa, suna bin wani ɗan baƙin faifan roba da suke kira fak, wanda ya jefa shi a ragar abokan gaba ya ci. 'Ya'yansu tun suna tatata ake ɗora su a kan takalmin, Abba kuwa ya makara ƙwarai. Amma ikon Allah, cikin 'yan shekaru ya kamo su ya wuce. Ɗan gaba ne, wato cikin masu kai hari. A kan ƙanƙara ya samu abokai, ya samu baki, ya samu suna. In ka cire wasan nan, ban san abin da ya rage masa a ƙasar nan ba.

A nan sai na gaya muku yadda gidanmu yake, don in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Mahaifina dillalin shanu ne a kasuwar Mubi, sunansa ma yaron ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. A gidanmu tire ɗaya ake ci, nama a tsakiya, kuma yaro ba ya miƙa hannu kan nama sai babba ya ɗauka ko ya tura masa. Ba ya riga babba shiga ƙofa, ba ya riga shi magana. Ni kuma da na ga mun zo ƙasar da yaro yake kiran sa'an kakansa da sunansa gatsal, sai tsoro ya kama ni, na ƙara ɗaure abin fiye da yadda aka yi mini. Safe da yamma maganata ɗaya ce: na gaba da kai shi ne farko. Yaron kuwa ya ɗauka, ɗauka ta gaske. Duk wanda ya zo gidanmu sai ya yaba, ni kuma ina jin daɗi a raina ina haɗe fuska, don ɗan fari ne, ba a yabonsa, ba a ma cika kiran sunansa a gaban mutane ba.

Da na gama karatu na sha yawon neman aiki, kowa ya ce ba ni da gogewar ƙasar. Ƙarshe dai wani ɗan ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Mai shi Mista Kolin, dogon mutum mai sanƙo, tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba. Aikinmu shi ne mu gaya wa manyan ƙungiyoyi abin da yaro ɗan gaba zai iya zama. Ga yadda ake yi. Ka ɗauki yaro, ka duba shekarunsa har da watanni, tsawonsa, nauyinsa, ƙarfin gasar da yake bugawa, sau nawa yake ci, sau nawa yake ba wani ya ci, sau nawa yake harba fak zuwa raga, minti nawa koci yake barinsa a fili. Sai na'ura ta shiga cikin tulin tsofaffin 'yan wasa ta tsamo waɗanda suka fi kama da shi lokacin da suke sa'anninsa. Su muke kira makamanta. Sai ka duba ina makamantan nan suka ƙare. In yawancinsu sun kai babbar gasa, yaro ya yi daraja. In yawancinsu sun ɓace, to sai a tsallake shi.

Ranar da Kolin ya gama yi mini bayani na ce masa ai wannan dillancin shanu ne. Mahaifina in ya kalli ɗan maraƙi sai ya ce wannan irin bijimin wane ne da aka sayar shekarun baya, ƙirjinsu ɗaya, zai yi kaza. Kolin ya yi dariya har da buga tebur, ya ce to ai na riga na iya aikin. Na ji daɗin aikin kuwa, ba zan ɓoye ba. Ina zaune cikin ɗumi ina yanke wa 'ya'yan mutane hukunci, ban taɓa tunanin iyayensu ba ko sau ɗaya.

Zango na uku wani ɗan ƙaramin gari ne can cikin Saskatchewan, ba komai sai rumbunan alkama da filin wasa. Wata ƙungiyar matasa ce ta ɗauki Abba, irin wadda ake haɗa 'yan shekara sha shida da 'yan ashirin. Al'adarsu yaro ya zauna a gidan wasu mutanen garin. Dija ta ce sam, ɗanta ba zai zauna inda ba ta san abin da ke cikin tukunya ba. Kolin ya yarda in riƙa aiki daga gida, muka tattara muka bi shi. Mu kaɗai ne baƙar fata a garin. Ba wanda ya zage mu, ba kuma wanda ya shigo gidanmu, sai dai a ɗaga mana hannu daga cikin mota. Sallar Juma'a sai mun yi tafiya mai nisa. Amma ranar wasa duk garin yana kiran sunan ɗana, wannan ya ishe ni.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Ita ce shekarar da manyan ƙungiyoyi suke tsintar waɗanda suke so daga cikin sa'anninsa. Abba ba ya maganar komai sai ita, in ma ya yi magana. Ni kuwa tun farkon kakar wasa nake kauce wa abu ɗaya: ban taɓa sa sunansa a na'ura ba. Kolin ma ya ce ba ni zan duba shi ba, tunda ɗana ne. Amma wata safiya bayan Dija ta shiga kicin, zuciya ta ci ni, na buga sunansa.

Makamantan suka fito. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya bar wasa yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Wancan ya yi ta yawo a ƙananan gasa har ya gaji. Wani yana sayar da motoci. Ban ga ko ɗaya da mutum zai ce ya ji sunansa ba. Na ce a'a, na'urar nan ta sha wani abu. Na sake, suka sake fitowa. Sai na fara cire ma'aunai ɗaya bayan ɗaya in ga wanne ne yake ja masa. Na cire tsawo, ba canji. Na cire nauyi, ba canji. Da na cire yawan harbi zuwa raga, tab! Sai ga wasu mutane daban, manya, waɗanda yara suke manna hotonsu a bango. Na mayar da ma'aunin, suka ɓace, masu sayar da motocin suka dawo. Na yi ta cirewa ina mayarwa kamar mahaukaci. Ashe yaron komai nasa ya kai, abu ɗaya ne: ba ya harbi. A tarihin wasan nan kuma ɗan gaban da ba ya harbi a shekarun nan ba ya zuwa ko'ina.

Na ɗauko bidiyon wasanninsa duka na zauna. Ga shi ya kutsa, ya wuce mutum biyu, raga a gabansa, sai ya miƙa wa wani. Ga shi kuma, ya miƙa. Sai can na ga wani wasa da manyan suka ji ciwo aka haɗa shi da ƙananan yara biyu, na ga yana harbi kamar ba shi ba, yana ci. Na koma na raba wasannin gida biyu, inda abokan kai harinsa suka girme shi da inda ya girme su. Abin ya fito fili, ko makaho ya shafa zai ji. In na gaba da shi yana kusa, musamman kyaftin ɗinsu Brodi, ɗan shekara ashirin, to Abba ba zai ci ba sai ya ba shi. Ba tsoro ba ne, ba rashin iyawa ba ne. Tiren gidanmu ne ya bi shi har kan ƙanƙara.

Na kira Kolin na nuna masa. Ya duba sosai, don mutumin kirki ne.

"Abin sha'awa ne," in ji shi. "Amma wasannin da ya yi da ƙananan sun yi kaɗan. Kai ma ka san ba za a kafa hujja da su ba."

"Na sani. Amma ni na san dalilin."

"Na'ura ba ta tambayar dalili. Kuma a duk tulin mutanen nan da muke da su, akwai wanda aka raina a garinku?"

"Babu."

"To da wa zan kwatanta shi? In na saka ma'auni don ɗanka, gobe wani uban ma zai zo da nasa." Ya numfasa. "Hanya ɗaya ce. Saura wasanni kaɗan. Ka gaya masa ya harba. Ka gaya masa ya fi su, don wallahi ya fi su."

Shi a wurinsa ya ba ni abu mai sauƙi. Na je wurin Dija na zayyana mata komai, na ce ita uwa ce, ta gaya masa. Ta saki ludayi ta riƙe haɓa.

"Ni? In buɗe bakina in ce wa ɗan fari ya fi wasu? Malam, a ƙauyen Kwaja aka haife ni fa. In mahaifiyata Dada ta ji ai sai ta ce ƙanƙara ta cinye mini kunya. Kai da ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na rasa wurin zuwa, har na kira tsohuwa Dorin a Winnipeg. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ita ba ta ga wahalar ba, kalma nawa ce? In zaunar da shi in ce ina alfahari da shi, shi ke nan. Na yi mata godiya na kashe wayar. Kowa yana ganin ƙofa a buɗe, ni kaɗai nake ganin bango.

Na gwada dai. A mota ne, ina kai shi atisaye, don a mota ba sai an kalli juna ba. Na yi gyaran murya har sau nawa.

"Ana cewa ka riƙa harbi."

"To, Baba."

"Ko da Brodi yana kusa."

A hankali ya ce, "Koci ma yana faɗa. Wa ya ce, Baba?"

Ga maganar a bakina, a kan harshena take. In ce ni na ce. In ce na duba na gani, duk filin nan ba kamarka. In ce abin da na koya maka na tire ne, ba na nan ba ne. Wallahi na buɗe baki, sai na ji kamar mahaifina yana zaune a kujerar baya yana kallona.

"Mutane," na ce.

"To, Baba," ya ce. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ya tsaya ya riƙe wa wani dattijo mai shara ƙofa har ya wuce.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi aka yi da rana. Masu duba 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi sun zo, ana gane su, suna zama can sama da kofin kofi ba sa tafi. Ni da ma ban taɓa zama cikin iyaye masu ihu ba, kullum can ƙarshen benci nake, in Abba ya yi abin kirki sai in duba takalmina. Ran nan sai na samu kaina kusa da biyu daga cikin masu duba 'yan wasan. Dija ta ƙi zuwa, ta ce cikinta ba zai ɗauka ba.

Ana kunnen doki, lokaci ya kusa ƙarewa. Abba ya ƙwace fak tun daga gidansu, kusa da ragarsu. Ya zille wa na farko, ya bi ta bayan na biyu, filin ya tashi tsaye. Mai tsaron raga ya fito ya tare shi, Abba ya yi masa wata lanƙwasa, mutumin ya zube gefe guda. Raga a buɗe, ba kowa. Ta hagu kuma ga Brodi yana tahowa a baya, yana haki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa kiran sunansa da ƙarfi a gaban mutane ba, na ƙwala ihu da Hausa, muryata har tana tsagewa.

"Abba! Buga! Buga, naka ne!"

Ya miƙa wa Brodi.

Brodi ya tura a raga. Filin ya kece da sowa, ana buga ganguna, mutane suna rungumar juna, wata mata da ban sani ba ta kama ni tana jijjigawa tana cewa ɗana ya iya ba da fak. Sun ci wasa. A duk ginin nan ni kaɗai ne na koma na zauna. Na ji ɗaya daga cikin mutanen nan biyu yana ce wa ɗan'uwansa, ba da mugunta ba, kamar mai maganar yanayin gari, "Yaron yana da hannu, amma yana tsoron raga." Na so in juya in yi masa bayani. In fara daga ina? Daga kasuwar shanu?

A mota muna komawa, da muka wuce rumbunan alkama sai Abba ya yi magana.

"Na ji muryarka, Baba."

Na ce, "Uhm."

"Na so in buga. Wallahi na yi niyya tun daga gida." Yana kallon hannayensa a kan cinya. "Shekararsa ta ƙarshe ce, kuma shi ne babba. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ni."

Me zan ce? Yaro ya yi abin da aka koya masa, ya yi shi da kyau.

Ranar zaɓe muka zauna a falo mu uku gaban talabijin tun hantsi. Ana kiran sunaye, ana nuna yara suna rungumar iyayensu. Wasu na san su, ni na fitar da makamantansu, na san waɗanda Abba ya fi nesa ba kusa ba. Dija tana ta jan carbi tana tambayata, "Saura da yawa?" ina cewa saura. Har aka kira na ƙarshe, ba a kira Abba ba. Brodi ma daga baya wata ƙungiya ta ba shi gwaji, an ce cin nan na ranar Lahadi ya taimaka masa. Abba ya tashi ya kashe talabijin ɗin, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ana cewa akwai baɗi. Ni aikina ne, na san inda makamantan waɗanda aka tsallake suke ƙarewa, kuma ban gaya wa kowa a gidan ba.

Dija ta shiga kicin ta daɗe. Ta fito da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya da wata ƙanwarta ta aiko mana daga Mubi, wadda take ta ɓoyo don ranar murna. Ta yanka kaza tun jiya. Ta ajiye tiren a tsakaninmu ni da shi, ta koma ciki, na san kuka ta je yi.

Muka wanke hannu muka zauna. Naman yana tsakiya. Na dubi yaron nan, ƙato, kafaɗunsa sun fi nawa faɗi, ya sunkuyar da kai yana jira. Na ajiye hannuna a kan gwiwa.

"Fara," na ce.

Ya ɗago ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, yana zaton gwada shi nake yi.

"Ɗauki naman, Abba. Kai za ka fara yau."

"Haba, Baba."

"Na ce ka ɗauka."

Ya miƙa hannu. Na ga yatsunsa sun kai bakin tiren, sun tsaya. Sai ya sa ɗan yatsa ya turo cinyar kazar gabana a hankali, ya janye hannunsa.

"Bismillah, Baba," ya ce.

Muka zauna haka, ni ban ɗauka ba, shi bai ɗauka ba, har miyar ta yi sanyi.